Ranar da Muka Sare Darbejiyar Maƙabarta

A shekarun da kananzir da gas suka fi ƙarfin talaka, kowa ya koma ga itace, har matan ma'aikata na cikin Kano. Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, albashin kuwa ba ya kai ni tsakiyar wata. Yayana, wanda nake bi, manomi ne, amma damina biyu a jere taki ya gagare shi. Sai ya sayar da tumakinsa ya sayi tsohon injin yanka itace a hannun wani mutumin Shanono, wanda ya yi shekaru yana yankan katako a kurmi ya dawo gida da ciwon baya. Asabar da Lahadi nakan bi Yaya, in riƙe igiya, in jera itace, in sami na cefane.

Injin yana da wani abu da ban taɓa gani a na sauran masu yanka ba. Mariƙin gaba, wato ƙarfen da ake kamawa da hannun hagu, a injin kowa yakan bi ta sama ne ya sauka gefen hagu ya tsaya. Na Yaya kuwa ya zarce ya sauka ta dama ma, ya zagaye injin kamar awarwaro. Mutumin Shanono ya ce a kurmi ba a raina irinsa, domin duk ta gefen da ka kwantar da injin akwai wurin kamawa.

To, mu ba a kurmi muke ba. A wajenmu gona na jikin gona, manomin da ya sayar da bishiyarsa kuwa so yake a yanke ta daidai da ƙasa, kada kututture ya tsaya masa a tsakiyar kunya. In Yaya ya kwantar da injin don ya yi ƙasa sosai, sai ƙarfen nan ya tokare, ya ɗage sarƙar, a bar kututture mai tsawon taƙi guda ko fiye. Mai gona ya yi ta mita, ni kuma a bar ni da gatari ina ragewa har hannuna ya yi kanta. Ga nauyi da ya ƙara wa injin. Ni ke rungume shi a bayan babur, kafin mu kai inda za mu ƙarfen ya yi mini shaida a cinya. In itacen ɗanye ne, garinsa ya riƙa cushewa tsakanin mariƙin da murfin sarƙa, sai an tsaya an zaƙulo da tsinke.

Na dame shi da maganar har ya yarda muka kai injin wurin wani mai walda a Ɗanbatta ranar kasuwa. Mutumin ya juya shi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa.

Ya ce, "Yankewa ba wuya. Amma wannan ba irin ƙarfen da nake liƙewa ba ne. In na cire, ya ciru ke nan."

Yaya ya dubi injin, sannan ya ɗauke shi ya miƙo mini. A hanya na ce masa, "Yaya, da ka bari an cire. Kai ba ka san wuyar da nake sha da kututturan nan ba."

Ya ce, "Na sani. Amma wanda ya ƙera shi ba mahaukaci ba ne. Abin da ba zan iya mayarwa ba, ba na saurin cire shi."

Da haushinsa na iso gida.

Cikin daminar shekarar aka yi wata iska da rana tsaka, ta kwashe rufin ɗakuna da dama. Washegari da hantsi mai unguwa ya zo zauren Yaya tare da tsohon da ke kula da maƙabarta, wanda duk garin ke kira Baba. Suka ce tsohuwar darbejiyar da ke bakin maƙabarta ta karkata, saiwarta ta ɗaga ƙasa ta gefe ɗaya, kuma kan kaburbura ta nufa. In aka sake iska irin ta jiya, za ta faɗi ta tone mutane. Mai unguwa ya riga ya sanar da malamin daji, an ba da izini. Saura mai yanka.

Mahaifinmu yana cikin waɗanda ke kwance a ƙarƙashin bishiyar nan. Ba wanda ya ambata, amma duk mu huɗun mun sani.

Da muka je, na ga abin ya fi yadda suka faɗa. Ta gabas akwai burtalin da shanu ke bi, nan ne kaɗai za a iya kayar da ita. Ta yamma da arewa kuwa kaburbura ne har gindinta. Kaburburanmu ba su da alama, ɗan tudu ne da ruwa ke shafewa cikin 'yan shekaru, amma Baba ya san kowanne. Yaya ya fara zagayawa don ya duba bayanta, sai tsohon ya tare shi da sanda.

Ya ce, "Kada ka taka, akwai mutum nan. Nan ma akwai. Nan mata biyu ne."

Ya zana layi a ƙasa ta kudu, wurin da bai wuce shimfiɗar tabarma ba. "Nan kaɗai ne babu kowa."

Duk wanda ya taɓa ganin ana kayar da bishiya ya san yanka biyu ake yi. A fara buɗe mata baki ta inda ake so ta faɗi, sannan a koma bayanta a yanko. Mai yanka yakan zagaya ne tsakanin biyun, ya sami tsayuwar da ta dace da hannunsa. A nan ba zagayawa. Mai unguwa ya ce ko a kira masu gatari. Yaya ya ce masu gatari sun fi kowa bukatar fili, kuma kafin su gama hadari ya haɗu. Ya tsuguna a kan ɗan wurin nan, ya riƙe injin bai tayar ba, ya kwantar da shi ta dama ya gwada, ya juya shi ta hagu ya kama ɗaya ɓangaren mariƙin ya sake gwadawa. Ya miƙe ya ce a kawo igiya.

Wani Bafulatani maƙwabcinmu, wanda ya saba hawa yana sassaro wa shanunsa ganye, ya hau da adda ya rage rassan yamma, muna sauke su da igiya ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaure babbar igiya a sama ya jefo mana. Magidanta wajen goma muka jeru a burtali muka kama, ni a gaba.

Yaya ya yi bisimilla ya tayar da inji. Yankan farko ya tafi lafiya, gutsuren ya faɗo kamar an yanka kabewa. Bai ɗaga ƙafa daga inda yake ba, sai ya juya injin, ya sauya kamu, ya miƙa hannu ta bayan bishiyar ya fara na biyu. Ina hango bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Ya kai wajen rabi, ya dakata ya buga weji biyu na katako a tsagar don kada ta zauna a kan injin, ya ci gaba.

Sai muka ji ƙarar ta sauya, injin ya mutu. Sarƙa ta goce.

A wani injin wannan aikin minti biyu ne: a kwance noti biyu, a buɗe murfi, a mayar da sarƙa. A na Yaya, mariƙin nan ya bi ta kan murfin, sifana ba ta samun wurin juyawa sai kaɗan kaɗan, a cire a sake sawa. Na sha tsaya masa a kai ina tsaki a gonakin mutane. Ranar kuwa bishiya ce tsaye an yanke fiye da rabinta, babu abin da ke riƙe da ita sai weji biyu da igiyarmu, ga gabas ta fara yin baƙi. Iska ta ɗan taso, na ji igiyar ta ja ni taku ɗaya gaba. Wani a bayana ya fara salati a hankali.

Na ce, "Yaya, in zo in taya ka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "In ka saki igiyar nan, ni da kai ne."

Ya shimfiɗa hularsa a ƙasa, ya sa noti na farko a ciki. Baba ya matso ya tsuguna daidai kan layin da ya zana, ya riƙe masa injin da hannu biyu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san bishiyar ta yi ƙara sau biyu, irin ƙarar tsohon ƙyaure. Na kafa ido a kan ɗan tudun da na san na mahaifinmu ne, ban ƙara duban sama ba.

Injin ya tashi a ja na uku. Yaya ya mayar da shi cikin tsagar, ya yanka kaɗan, ya ƙara buga weji, ya ɗaga mana hannu. Muka ja gaba ɗaya. Da farko kamar ba ta ji ba. Sannan ta miƙe daga karkatar da ta yi, ta tsaya cak na ɗan lokaci, ta sunkuyo ta gabas. Muka watse gefe. Ta faɗi a tsakiyar burtali, ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjina.

Baba ya bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. Ya tsince 'yan ganyaye da tsinke a kan biyu, ya dawo ya ce, "Ba wanda aka taɓa. Alhamdu lillahi." Sai a lokacin na ga tafin hannuna ya saluɓe, na zauna a kan ciyawa ina dariya ba dalili.

Kututturen ya tsaya dogo kamar kullum, har ya fi na kullum, kuma ba wanda ya ce a rage. Ban ce wa Yaya ya yi gaskiya ba, shi ma bai nema ba. Ƙarfen nan ne ya bar shi ya yi aikin bai taka kowa ba, shi ne kuma ya tsayar da mu ƙarƙashin bishiya rabi a yanke muna salati. Har yau in aka tambaye ni, duka biyun nake faɗa.

Ba mu tsaya gunduwa ba, domin yayyafi ya fara. Mai unguwa ya ce gobe a zo a raba itacen tsakanin gidajen da iska ta yi wa ɓarna, su sami na gyaran rufi. Muka tura babur zuwa gida a ƙafa, ruwa na dukanmu, ba mu yi sauri ba.

Innarmu tana bakin ƙofar ɗakinta. Ta dube mu, ta dubi hannuna, ta ce, "An gama?"

Yaya ya ce, "An gama, Inna. Lafiya lau."

Ta gyaɗa kai, ta shiga ta ɗauko man kaɗanya ta shafa mini a tafi, tana faɗan me ya hana ni naɗe hannun da tsumma kamar mai hankali. Ta ce mu jira a zaure, ɗumamen tuwo na kan wuta. Kafin a kawo, Yaya ya jingina da bango ya yi barci a zaune, garin itace cike da gashin kansa. Na rufe nasa kwanon na ajiye a gefensa, na ci nawa da cokali.