Ranar da na shafa wa tsagar dam farar ƙasa

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da jami'an gwamnati suka zo duba dam ɗinmu ba. Lambuna na kabeji yana gindinsa, can bayan Bukuru. Ni kuwa mutum ne mai fargaba, ƙofar da na kulle sai na dawo na taɓa ta sau uku.

Ni na fara ganin tsagar a jikin bangon. Kullum da safe nakan zura tsinke in auna, har ta kai yatsana yana shiga. Na gaya wa mai unguwa, ya ce, "Malam, kai ko inuwarka tsoro take ba ka."

Sai labari ya zo za a turo masu dubawa su faɗi matakin haɗarin dam ɗin. Mu a nan, in manyan baƙi za su zo, har duwatsun bakin hanya sai an shafa musu farar ƙasa. Da aka raba aiki, bango ya faɗo kaina, don an san ba na ha'inci. Kunya ta hana ni barin baƙi su ga muni. Na cusa laka a tsagar, na shafe, na sake shafewa. Wallahi ko ni da na san wurin sai da na laluba.

Ogan masu dubawar ya iso da hular kwano, takalminsa ko laka bai taɓa ba. Ya tsaya daga sama, ya ɗauki hoto, ya ci dankali da kaza. Na matso, na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsaga a can."

"Ina take, Baba?"

Na nuna. Ya leƙa, fari tas. Ya yi dariya ya ce, "Ai wannan bangon ya fi na ofishinmu lafiya." Suka kafa allo mai cewa haɗarinsa kaɗan ne, aka yi tafi.

Ruwan Agusta dai bai iya karatu ba. Da rana tsaka gefen nan ya ɓalle. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kabejina ya tafi kaf. Da ruwa ya janye, allon na tarar kwance a lambuna, rubutunsa ko gogewa bai yi ba.

Mai unguwa ya zo jaje, ya ce, "Ai da ka faɗa da ƙarfi."

Tun ranar, in an ce masu dubawa na tafe, ko shara ba na yi. Na koyi cewa wanda aka turo ganin aibi, a fili ake bar masa shi, don ba zai sauko ya nema ba.