Abin da Ban Faɗa ba a Ƙofar Asibiti

Yayana yana da gwaiwa. Yau na iya faɗa, har ga shi na rubuta. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa furta kalmar a gabansa ba. Shi ma iyakarsa ya ce, "Abin nan ya motsa." Dako yake yi a kasuwar Shasha, buhun albasa da kwandon tumatir, ni kuma ina ɗaurin goro. Kullum da safe sai ya ɗaure mararsa tamau da wani tsohon rawani, ya fita.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Aka duba shi, aka ba shi kati da ranar tiyata. Kafin ranar ta zo korona ta shigo gari. Muka je, mai gadi ya ce an dakatar da tiyata. Haka muka ji, haka muka riƙe. Yaya har daɗi ya ji. Ya cusa katin cikin hularsa ya koma dako.

Wata rana bayan azahar abokan aikinsa suka kawo shi a keke mai ƙafa uku, yana amai, yana gumi. Abin ya fito ya ƙi komawa. Na wuce da shi asibiti.

An kafa rumfa a bakin ƙofa, mutane jere a benci, yawanci mata. Wata nas da ta rufe fuska sai ido ta nuna masa abin auna zafi a goshi. Ta ce da Yarabanci, "Baba, me ke damunka?"

Ya dubi matan, ya sunkuyar da kai. "Zazzaɓi ne, da amai."

Ta juyo gare ni, ta kira ni yadda suke kiran Bahaushe. "Malla, shi ke nan?"

Hannunsa na kan mararsa, ina gani. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban mata in faɗi abin da ke cikin wandon wana? Kuma na ce a raina, in na faɗa ma me za a yi, tun da an rufe tiyata? Na ce, "Shi ke nan."

Aka wuce da shi ɓangaren waɗanda ake zargi da korona, aka ce ba mai shiga sai sakamakon gwaji ya fito. Kwana biyu ina zaman gindin bishiya a waje.

A rana ta uku da hantsi wani likita ya fito da kati a hannu, ya ɗaga murya, "Wa ya kawo mai gwaiwa?" Kowa ya ji. Na miƙe. A hularsa suka tsinci katin.

Ya ce, "Hanjinsa ya maƙale, ya yi baƙi. Me ya hana ku faɗa tun a ƙofa?"

Na ce, "Likita, an ce mana an rufe tiyata."

Ya tsaya yana kallona. "Wadda za ta iya jira ita aka ɗage. Irin wannan, ko da korona a jikinsa da mun shiga da shi tun ranar da kuka zo."

Ashe duk kwanakin nan da nake gindin bishiya ɗakin tiyata a buɗe yake. Kalma ɗaya aka nema a bakina.

Sun shiga da shi a ranar. Bai farfaɗo ba. Sakamakon ya fito bayansa: ba shi da korona. Shi ya sa suka ba mu gawar, da hular, da rawanin a leda.

Ni na zuba ruwa, liman ya yi masa wanka. Liman ya kai hannu wurin ta ƙarƙashin mayafi, ya tsaya, ya ɗago ya dube ni.

"Da wannan yake ɗaukar buhu? Ka sani?"

Na ce na sani.