Gilashin da Hajara Ta Zaɓa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar matata Hajara, kuma duk Sallar da ta zo sai in kasa zama wuri ɗaya. In buɗe shago, in rufe, in hau babur in nufi bakin kogin Kwara ba tare da wani dalili ba. Bana na ce gara in rubuta abin da ke hana ni sukuni, ko na samu sauƙi.

Ni mai hoto ne a Bagudo tun kafin zuwan Shari'a. Da aka ƙaddamar da ita, magidanta da yawa suka daina barina shiga cikin gida ranar suna ko Sallah. Ban ga laifinsu ba, amma rabin aikina ya tsaya. Hajara ce ta ce in koya mata, tunda ita babu ƙofar da za a rufe mata. Na yi ta jan ƙafa har wata uku kafin na miƙa mata kyamarar.

Hotunanta na farko ba su yi kyau ba. Gilashin da ke kan kyamarar dogo ne, irin na ɗaukar mutum daga nesa, ɗakunan matanmu kuwa ga gado ga jeren kwanuka. Ta ja baya har bango, duk da haka rabin mai jego ne ke fitowa, ga duhu. Na ce hannunta ne. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai na ɗauke ta a babur muka tsallaka iyaka zuwa Malanville, wurin wani dattijo ɗan Dendi da ke kawo kayan hoto na hannu daga Kwatano. Ya jera mana gilasai. Idona ya faɗa kan wani ƙato, wanda in ka rataya shi a filin Idi kowa zai san mai hoto ya iso. Ita kuwa ta ɗauki wani ƙarami mai zuƙowa, bai kai kofin shayi ba. Ta roƙi dattijon ya bar ta ta shiga ɗakin ajiyarsa, mai ƙaramar taga ɗaya. Ta ɗaura shi a kyamarar ta jima tana murɗa shi, ta buɗe ya kwashi ɗakin duka, ta zuƙo ya kamo tambarin wani buhu.

Da ta fito ta ce, "Malam, wanga nika so. Yana ganin ɗaki gaba ɗaya, kuma yana shiga jakata."

Na ce mutane za su raina mu. Dattijon ya dube ni ya ce, "Wa za ya shiga ɗakin, kai ko ita?" Na biya kuɗin, har muka iso gida fuskata a ɗaure. Girman kai rawanin tsiya.

Da wannan ƙaramin gilashi ta yi shekara tara tana aiki. Ana aiko mata daga Lafagu da Bahindi. Ranar Sallah da safe tana cikin gidaje, da yamma tana bakin ruwa inda matan masunta ke fitowa da yaransu cikin sabbin kaya, ba ta canja gilashi, murɗawa kawai take yi. Tsofaffin da ba su taɓa tsayawa gaban namiji mai hoto ba sun zauna mata, wasu har da dariya. Ciwon kwana shida ya ɗauke ta, cikin damina.

Yau kowace yarinya da waya a hannunta, tana zuƙowa da yatsa biyu. Ina yawan tambayar kaina me Hajara za ta ce. Wani lokaci in ga kamar za ta yi murna, tunda mata sun daina jiran kowa. Wani lokaci in tuna yadda take jan tabarma zuwa bakin ƙofa don haske ya sauka a fuska, in ce da ta yi faɗa kan wannan gaggawar. Ban sani ba. Ban tambaye ta abubuwa da yawa ba lokacin da take amsawa.

Ga abin da ya fi damuna. Makon jiya wata mata ta kawo hoton mahaifiyarta, wai in ƙara masa girma, shi kaɗai suke da shi. Ta yi ta sa min albarka don na ɗauke shi. Na juya bayansa, ga hatimin shagona da sunana, amma hoton cikin ɗaki ne, aikin Hajara. Duk hoton da Hajara ta ɗauka, ni na wanke, ni na buga wa suna, kuma ko sau ɗaya ba ta ce uffan ba.

Na gaya wa matar gaskiya. Yanzu ina gaya wa sauran. Mutanen Bagudo, in akwai hoton uwa ko kaka a gidanku da aka ɗauka cikin ɗaki a waɗancan shekaru tara, kada ku bi ta sunan da ke bayansa. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Addu'ar da za ku yi, ku yi wa Hajara. Allah Ya haskaka kabarinta.