Babin da Baba Bai Ji Ba

A unguwar Kwararafa, bayan shagon wani tela, muke zama kowace Asabar bayan la'asar muna karanta wani tsohon littafin labari. Kwafi ɗaya ne, yana hannun shugabanmu, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya bar ofis amma bai bar ba da umarni ba. Dokarsa babi ɗaya a mako, ba mai leƙa gaba. Inda aka tsaya sai ya soka tsinken tsintsiya, ya maƙale littafin a hammata.

In an gama karatu kowa zai faɗi abin da yake zaton zai faru, shi kuma ya gyara mana. Marubuci ba zai ce kaza ta tsallake hanya ba sai shugaba ya ce alama ce. In wa ya yi wa ƙaninsa murmushi a labarin, to makirci yake ƙullawa. Duk abin da ya faru kuwa, wai tun shafin farko ya hango shi. Ban taɓa ganin holoƙo irinsa ba, kuma har yau raina shi nake.

A cikinmu akwai wani dattijo Kirista, manomi daga bayan gari, muna ce masa Baba. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sauraro yake zuwa yi. Abu ɗaya ya dame shi: ko 'yan'uwan nan biyu na labarin za su shirya. A daminar nan ya rame, yana tari, ya ninka suwaita biyu. Wata Asabar ya zo da buhun dankali ya raba mana, ya bar wa tela lemarsa, sannan ya dubi shugaba.

“Oga, ka tsallake ka karanta mini ƙarshe. Ban sani ko zan kai ba.”

Shugaba ya yi dariyar masu sani. Ya yi mana bayanin cewa Baba so yake ya riga mu jin ƙarshe don ya kayar da mu a hasashe, dankalin ma toshiyar baki ce. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya dubi mutumin nan da kyau. Tela ma ya sa baki. Shugaba ya ce doka doka ce, ya soka tsinkensa. Dankalin dai bai bari ba, ya ɗaure kasonsa a bayan babur.

Baba bai sake zuwa ba. Da labarin rasuwarsa ya iso mana muka ɗunguma ƙauyensu gaisuwa. Muna zaune a tsakar gida, ga matarsa, ga fasto, sai shugaba ya gyara murya ya girgiza kai.

“Ai ni tun ranar da ya raba dankalin nan na ga alama.”

Na juya na dube shi. Littafin na nan a hammatarsa, tsinken tsintsiya ya leƙo daga inda muka tsaya.