Baba Mai Tsani da Tagogin Sama

Kafin a buɗe ɗakin karatu da safe, Baba Mai Tsani ya riga ya jingina tsaninsa a bango. Ya hau, ya tura tagar sama, ya tokare ta da ɗan katako, ya sauko, ya ja tsani gaba. Haka yake bin tagogin nan kaf, da yamma ya sake bi ya rufe. In hadari ya taso, shi ne a sama yana rige-rige da ruwa don kada littattafai su jiƙe.

Ginin nan fa shi ne ya ciyo babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya. Alƙalai suka ce gini ne mai shan iska da kansa, ba ruwansa da na'urar sanyaya ɗaki. Da kansa! Tun da ake zuwa karatu a wurin ba wanda ya taɓa ganin taga ta buɗe kanta. Mai zanen ta yi ƙoƙari, ba mai raina mata. Amma har shugaban ɗakin karatu, wanda bai taɓa taka matakin tsani ba, sai da ya bi jirgi zuwa karɓar kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu shara shaida ne, ranar da mai ɗaukar hoto ya zo daga ƙasar waje, tafintansa ya ce, "Baba, a kawar da tsanin nan, yana ɓata hoto. Kai ma ka ɗan matsa." Ya saɓa tsaninsa ya koma bayan bishiya. Da allon kyautar ya iso kuwa, shi aka ƙwala wa kira ya hau ya rataya.

Bara gwiwa ta fara ƙi, 'yarsa ta biyo shi har wurin aiki. "Baba, in ka faɗo, kyautar ce za ta yi jinyarka?"

"Ke dai bari," in ji shi. "Yaran nan jarrabawa gare su. A cikin zafi za su yi karatu?"

Yanzu ya yi ritaya, tagogi suna rufe. Shugaba har ya fara zancen a buga musu ƙusa a sayo na'ura. Abin takaici, jiya ɗalibai suna ta fifita da mujallar da aka buga hoton ginin a bangonta.

Baba, kai ne iskar da alƙalai suka yaba. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka huta da daɗi.

Ku kuma ma'aikata masu lafiyar ƙafa, kafin kafinta ya iso da gudumarsa, tsanin yana nan bayan ƙofa inda Baba ya jingine shi.