Kumburin Saiwar Kuɓewa

Har yau in na ji warin tafarnuwar da ta kwana a ruwa sai zuciyata ta tashi, kuma nan take sai in tuna Iya. Ban san wata jika da ke tuna kakarta da ɗoyi ba in ba ni ba, amma haka abin ya zo.

Iya ita ta haifi Abbanmu. Daga Zariya aka ɗauko ta aka kawo ta Greenbelt, a Amurka, don ta riƙe mu, ni da ƙanena Sadiƙ, saboda Abba da Umma tun sassafe suke fita aiki. A hawa na uku na wani bene muke. In mun tafi makaranta ita kaɗai ce a gidan, daga ita sai talabijin ɗin da ba ta jin abin da yake faɗa. Abin da take da shi a waje ɗaya ne: ɗan filin da Abba ya karɓar mata a lambun unguwa, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A nan ta shuka kuɓewa da irin da ta taho da shi ƙulle a bakin mayafi.

Shekarar farko kuɓewa ta yi kyau. Daga nan ta fara lalacewa. A shekarar da nake ba da labari kuwa ganye ya yi ɗorawa, da rana ta take sai ya langaɓe, ko ka juye masa tulu guda. Iya ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu ta ce, "Ƙasar da ta ƙi irina ni ta ƙi. In kuɓewar nan ta mutu bana, ku nemo min tikitina na komawa gida." Ba da wasa ta faɗa ba. Lokacin ban wuce shekara goma ba, ɗaki ɗaya muke kwana da ita.

Abba dama aikinsa ke nan, binciken cututtukan shuka. Ya je ya tumɓuke guda ɗaya ya kakkaɓe ƙasar. Kai! Tir da abin da na gani. Saiwar duk ta kumbure, ƙulli a kan ƙulli, kamar hanjin kaza da aka ɗaɗɗaure. Ya sa farce ya fasa ɗaya, wani ruwa mai yauƙi ya fito. Sadiƙ ya yi ihu da Turanci ya ruga. Abba ya ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani, a ƙasa take, ta shiga saiwa ta zauna tana tsotsa tana zuba ƙwai, shi ya sa duk ruwan da ake zubawa ba ya hawa sama. Na ce, "Abba, daga nan muke cin miya?" Ya ce daga nan. Ranar ko tuwo ban kalla ba.

Ya ce akwai maganin kanti mai ƙarfi, amma ba a yarda a zuba shi a lambun jama'a ba, kuma shi ma ba zai so ya shiga tukunyarmu ba. Sai suka haɗa kai da Iya. Ita ta sa aka sayo busasshen ganyen darbejiya a wani shago a Wheaton, ta daka tafarnuwa da barkono, ta jiƙa a bokiti. Shi kuma ya kawo man kanumfari a 'yar kwalba, wai a ɗiga kaɗan a ruwan, in ya yi yawa shukar ma ƙonewa za ta yi. Iya ta shinshina ta ce, "Abin da ake sa wa haƙori shi za ka ba ƙasa? Allah ya shirye ka, Ɗanjuma."

A baranda aka ajiye bokitin ya tsima. Jama'a, ɗoyi! Ruwan ya koma kore-baƙi, kumfa ta taru a sama, ƙudaje suka yi sansani. Umma ta daina shanya a wajen. Iya kuwa ko a jikinta. Bayan magariba sai ta hura gawayi biyu a kaskonta, ta zuba turaren wuta, ta miƙe ƙafa a barandar, mu zauna gabanta. Ƙamshin da ɗoyin su haɗu su zama wani abu na uku da ya fi kowannensu muni. Wannan ɗan garwashin shi ne wutar tatsuniyarmu.

"Ga ta nan tafe, ta sha hanya," in ji Iya.

Na ce, "Ta iso mu ba ta wuri." Sadiƙ ya toshe hanci ya amsa da Turanci, Iya ta dungure masa kai ta ce mijin banza, ko amsa tatsuniya bai iya ba.

Wai a da Kuɓewa mace ce doguwa, mai son baƙi. Rannan sai ga wata siririyar baƙuwa kamar zare, ta yi sallama ta ce a ba ta wurin kwana, ita ba ta da nauyi, ko a fason ƙafa aka sa ta ya ishe ta. Kuɓewa ta ce bisimilla. Baƙuwa ta shige ƙafa, ta ji ɗumi, ta ƙi fita. Ta ci ta sha, ta haihu, 'ya'yan su ma suka haihu. Iya tana faɗa tana mutsu-mutsu da yatsu a kan tafin ƙafata.

Ƙafar Kuɓewa ta yi suntum. Maƙwabta in sun wuce sai su ce, "Kuɓewa, daula ta karɓe ki, dubi yadda kika yi ƙiba!" In ta langaɓe da rana su kwara mata ruwa a ka, su tafi suna yabon kansu. Babu wanda ya sunkuya ya duba ƙasa. Sai tsohuwa Darbejiya, wadda ba a gayyatarta biki saboda ɗacin bakinta, ita ce ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, cinye ki ake yi." Ta zuba ruwanta mai ɗaci, duk jikokin baƙuwar da ke yawo a tsakar gida suka mutu. Amma na cikin ƙafa sun riga sun zama tsoka. Darbejiya ta ce wannan kam ba ta da maganinsa, sai dai Kuɓewa ta tashi daga wurin.

Na ce, "To ta tashi?"

Iya ta ce, "Tatsuniya ta ƙare a kan mai toshe hanci. Ku tashi ku yi isha'i."

Ni a lokacin abu ɗaya na ɗauka: ɗaci yana kashe tsutsa, in tsutsa ta mutu Iya ta zauna. Saboda haka ni nake sauko da bokitin nan daga bene, yana fantsalar min a ƙafa, ina yunƙurin amai ina tafiya. Muka tumɓuke masu kumburin duka muka ƙulle a leda, don Abba ya ce kada ko ɗaya ta koma ƙasa. Muka yi ta shayar da filin ruwan ɗoyi, muka bar shi ya huta, sannan Iya ta zuba ragowar irinta. Yara a unguwa suka sa min sunan da ba zan maimaita ba.

Sabuwar kuɓewa ta tashi. Ba ta kai ta shekarar farko ba, amma ta yi fure, ta yi 'ya'ya. Da muka ciro ɗaya muka duba, ƙullin ɗai-ɗai ne. Na dawo gida da gudu ina murna. Iya ta bar wasu suka bushe a jiki, ta ɓare irin, ta ƙulle. Rannan da yamma, Abba na cin abinci, ta ce masa, "Ɗanjuma, nemo min tikitina."

Na fashe da kuka na ce, "Iya, ai ta yi! Ke kika ce!"

Ta ce, "Cewa na yi in ta mutu zan tafi. Ban ce in ta rayu zan zauna ba."

Ta kuwa tafi, na daɗe ina fushi da ita. Sai da na girma, na fara lura da tsofaffin da ake ajiyewa a kusurwar falo a wajen suna da walima a Landover, sannan abin ya faɗo min. Iya ta zo ƙasar nan siririya, mai tafiya kasuwa da ƙafa. Zaman bene ya kumbura mata ƙafafu har takalminta ya daina shiga, da silifas ɗin Abba ta hau jirgi. Duk mai zuwa gaishe ta kuwa cewa yake Amurka ta karɓe ta. Mu ma mun yi dariya mun amsa. Ana saya mata atamfa, ana kai ta asibiti, ana ta kwara ruwa a ka. Wallahi in na tuna fuskokinmu muna wannan yabon, ƙyamar da nake ji ta fi ta bokitin.

Bayan na gama jami'a na je Zariya na same ta. Ta tsufa, ta rame, amma da ƙafarta ta dawo daga gaisuwar maƙwabta tana faɗa da awaki. Da muka zauna na kasa haƙuri, na ce, "Iya, baƙuwar nan ta cikin tatsuniya, mu ne ko?"

Ta dube ni. Na so ta ce a'a, ko ta zage ni ta ce ban da hankali. Sai ta ja kwanon tuwo ta tura gabana.

"Ci abinci, Habiba," ta ce. "Tsutsa ai ba mugunta take yi ba. Wuri mai ɗumi ta samu."