Kazar Kawu Isa a Kan Gwangwani

Har yanzu ina jin haushin Kawu Isa, rasuwarsa ba ta rage komai ba. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya karɓe ni da na zo Madina aikin direba, kuma shekara goma sha ɗaya ina cin wuyan kaza a hannunsa. Wuya kawai. In na yi magana sai ya ce direba ba ya buƙatar cinya, tunda a zaune yake wuni.

Ku da kuka zauna da shi a unguwar Ranuna kun san al'adar. Duk Juma'a bayan la'asar sai in kai shi bakin kwarin Aƙiƙ da gawayi da rabin duro da kaza guda. Ba ya yarda a datsa ta. Ya ce kazar da aka yi gunduwa-gunduwa da ita ba gashi ba ce, hatsarin mota ce. Zai murje ta da yajinsa, ƙuli-ƙuli da citta da kimba da masoro, da wani abu da yake juya mana baya kafin ya zuba. Sannan ya buɗe gwangwanin bira, ya kurɓe rabi, ya zaunar da kazar a kan sauran kamar baƙuwar da take jiran shayi, ya rufe. Birar sha'ir ce da ake sayarwa a kowane kanti, yara ma suna sha, babu abin maye a ciki ko ɗigo. Tururinta ne yake hana naman bushewa.

To, wannan gwangwanin maƙwabcinsa Malam Hadi ya zaga gari da shi. Wai Isa yana girki da giya a birnin Manzon Allah. Kun san nauyin wannan magana a kan mutumin da yake zaune da iƙama, takardar izinin zaman baƙo. Mai gonar dabinon da Kawu yake wa aiki ya kira shi ya titsiye shi. Mata suka daina shiga wurin matar Kawu. Na roƙe shi ya ajiye gwangwanin ko na wata ɗaya, ya ce in ya ajiye ya amsa laifi ke nan. Juma'ar da ta biyo baya sai ya gasa biyu.

A ranar 'yan sanda biyu suka zo. Ni dai har na fara hango jirgin komawa gida. Babbansu ya ce a ba shi gwangwanin ya gani. Kawu ya amsa da Larabcinsa mai gargada cewa gwangwani yana bakin aiki, sai nan da minti arba'in. Mutumin ya ɗaga murya. Kawu ya nuna masa tabarma.

"Zauna, ɗana. Ni ma da nake da ita jira nake."

Wallahi suka zauna. Da kaji suka nuna ya ciro gwangwanin, ya goge shi da tsumma ya miƙa. Suka karanta, suka kalli juna, suka tuntsire da dariya. Aka ba su cinya ɗaya-ɗaya. Ni da na kusa suma aka yi min ƙari, wuya biyu.

Bayan sati biyu sai ga Malam Hadi, wai wucewa yake. Wa yake wucewa ta bakin kwari da faranti a leda? Na miƙe zan kore shi, Kawu ya ce in zauna, ba ni na hura wutar ba. Ya ɗauko gwangwanin ya dire a gabansa.

"Malam, ga ɓangaren da ka fi sani."

Malam Hadi ya sunkuyar da kai, raina ya yi fari. Sai kawai Kawu ya yage ƙirjin kazar gaba ɗaya ya tura masa. A mota na yi ta faɗa har gida. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce Malam Hadi mutum ne da matarsa ta rasu, ba mai dafa masa, bakinsa ba shi da aiki sai magana.

"In ka cika shi da nama zai huta, mu ma mu huta."

A shekararsa ta ƙarshe likita ya hana shi gishiri da barkono da duk abin da ya sha hayaƙi. Muka ce shi ke nan, a huta. Ya ce likita ci ya hana, bai hana gashi ba. Haka nake kai shi da kujera, ya zauna cikin zafin nan na Madina gumi yana zuba, yana tona garwashi yana mana faɗa, mu muna ci shi yana tauna dafaffiyar kabewa. Wata rana na daka masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce wannan wahalar ta mece ce. Ya nuna min mutanen da suke kan tabarma, direbobi da masu shara da masu gadi, kowa iyalinsa na can gida. Ya ce in babu kaza ba za su ga juna ba sai a jana'iza.

A tasa jana'izar kuwa, da kunnena na ji Malam Hadi yana cewa Allah Ya yafe wa Isa abin da aka sani. Ba don wani dattijo ya riƙe min hannu ba, da labarin da kuke ji yau daban ne. Har gobe ban gaishe shi ba, na kuma san Kawu ba zai so haka ba. Wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi.

Ya Allah, Ka fi mu saninsa. Ya sha zafin wuta a duniya saboda cikin bayinka. Ka nisanta shi da ta lahira, Ka sanyaya masa makwanci. Amin.